Ginshiƙin Da Na Shafa Wa Shuɗin Fenti

Da sunan Allah na ɗauki biro, kuma ina roƙonsa kada Ya bar ni in wanke kaina a cikin labarin nan.

Sunana Haladu, mutumin Dutsi, magini. Karatuna bai wuce aji shida ba, sai na allo, don haka mai karatu ya yi haƙuri da rubutun. Jikokina sun san na yi shekara huɗu a Aljeriya, sun san na ga girgizar ƙasa da idona, don na sha ba su labarin har sun haddace. Abin da ban taɓa gaya musu ba shi ne abin da na aikata kafin ƙasar ta girgiza. Shi zan rubuta.

Ba zan tsaya kan Agadas da hamada ba, duk wanda ya bi hanyar ya san ƙishirwarta. Labarina daga Tamanrasat ya fara. Ranar da muka sauka, ina tsaye da jakar kayan aikina ina tambayar masallaci, sai wani mutum mai farar shadda ya juyo ya ce, “Kai, wannan bakin ai na ƙasar Daura ne! Daga ina?”

Na ce masa Dutsi. Ya rungume ni, ya lissafo mini ƙauyukan da ke kan hanyarmu ɗaya bayan ɗaya, ya saya mini shayi da burodi. Ya ce akwai aikin gini, amma sai mai aikin ya ga fasfo da kayan aiki kafin ya yarda ni magini ne. Na miƙa masa jaka da fasfo, ya ce in jira shi a gindin wani bango. Na jira daga hantsi har la'asar. A cikin jakar akwai cokalin gini na mahaifina, wanda bakinsa har ya cinye saboda aiki.

A gindin bangon nan na yi wa kaina alkawari: daga yau duk wanda ya yi mini fara'a, sai na binciko abin da yake nema a wurina.

A nan Mati ya same ni. Mai walda ne daga Baure, na girme shi da kusan shekara goma, amma ya riga ni shiga ƙasar da shekara uku, har Larabcinsu ya zauna a bakinsa.

“Malam, tun safe nake wucewa ina ganinka. Mai farar shadda ne?”

“Ya aka yi ka sani?”

“Makon jiya ɗan Damagaram ne shi, wancan makon kuma Bakatsine. Yau ashe namu ne.” Ya yi dariya.

Ni ban yi ba. A raina na ce, ina ya san shi haka in ba bakinsu ɗaya ba? Amma ba ni da wurin zuwa, sai na bi shi. Ya kai ni ɗakin da suke kwana su bakwai, ya ba ni bargonsa ɗaya. Wata biyu na yi ina dakon bulo, ni da a gida leburori ke miƙo mini. Kullum takalmina a ƙarƙashin kaina nake kwana da shi. Mati ya lura, ya ce, “Yaya Haladu, takalmin nan ko kyauta ka ba ɓarawo sai ya yi maka Allah ya isa.”

Daga baya ya samo labarin wani kamfani da ke neman ma'aikata can arewa, ya ce mu tafi tare. Kwana uku muka yi a hanya. A kowane shinge shi ke sauka ya yi magana, ni ina maƙale a kujerar baya. In na ga yana dariya da su da Larabci, sai in ce cinikina ake yi.

Garin da muka sauka ba zan faɗi sunansa ba. Yana tsakanin duwatsu, ga itatuwan zaitun, ga sanyin da ke shiga har ƙashi. Burodi da safe, burodi da rana, burodi da yamma. Na kai har in na rufe ido tuwon gero da miyar kuka nake gani. Ranar da matata Hajara ta ce mini a waya an yi ruwan shuka, bayan kwantena na zagaya don kada a ga idona.

Makarantar yara ake ginawa, hawa uku. Mati ya tsaya mini har aka yi mini katin kamfani mai hotona. Katin nan shi ne rayuwar baƙo a can: in masu kamen baƙi suka tare ka, ka nuna shi sai su bar ka, in babu kuwa sai motar da ke mayar da baƙi bakin iyaka. Daga babban birni ake bugo shi, yana ɗaukar makonni. Ni nawa a cikin safa nake sa shi. Mati nasa a aljihun jaket yake bari, ya rataye ta a ƙusa, don tartsatsin walda ya taɓa ƙona masa aljihu.

Akwai maigadin wurin, wani tsoho da muke kira Baba Sale. Ya yi tuƙin babbar mota zuwa Agadas a ƙuruciyarsa, yana jin Hausa, ko da yake bakinsa bai iya ta sosai ba. Kullum da safe sai ya ajiye mana buta ta shayi da dabino ya ce, “Ku ci, yara Najeriya, sanyi mugu.” Na ce wa Mati ya riƙa kama bakinsa a gaban tsohon nan, Balaraben da ke jin Hausa kunnen ofis ne.

Mati ya ce, “To, dabinon kunnen ofis ɗin dai kai ka fi kowa ci.”

Ginin nasu ya bambanta da namu. Mu a gida in za mu tsayar da ginshiƙi, wato fila, rodi muke ɗaurewa, mu kafa katako, mu zuba kankare, ya bushe mu ɓare katakon. Su kuwa bututun ƙarfe suke tsayarwa, kaurinsa sai ka rungume da hannu biyu, su Mati su yi masa walda, sannan mu cika cikinsa da kankare daga sama, ana sa injin da ke karkaɗa shi don ya zauna. Ƙarfen ba a cire shi, nan zai zauna har abada. Da aka ga hannuna, aka sa ni shugaban masu zubawa.

Injiniyan wurin, Kamal, siririn mutum ne mara yawan magana, kullum da 'yar guduma a aljihu. In kankare ya kwana, sai ya zo ya bi ginshiƙi yana ƙwanƙwasawa daga ƙasa har inda tsani ya kai, kunnensa dab da ƙarfen. In ya gamsu, ya zagaya masa shuɗin fenti. Wanda bai sami shuɗi ba, ba a ɗora masa komai. Ni kuwa mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, tukwane take ginawa, kuma tun ina yaro ni ke ƙwanƙwasa mata su kafin a kai kasuwa. Daga nesa nakan ji amon ginshiƙi in faɗa wa Mati ko zai sami fenti, kuma ban taɓa kuskure ba. Shi ya sa yake ce mini Sarkin Kunne.

Amma ban yarda da aikin ba. Wata rana na ce, “Mati, ƙarfen nan shi kaɗai ai ya ɗauki bene goma. Cika shi da kankaren nan wahalar da baƙar fata ce kawai.”

Ban ankara ba sai ga Mati ya juya maganar ga injiniya. Na harare shi, na ce shi ke nan ya kai ni. Kamal bai yi fushi ba. Ya je wurin Baba Sale ya ɗauko gwangwanin madara biyu. Ya ajiye ɗaya ba komai a ciki, ya taka shi, ya lotse. Ɗayan ya danƙara masa jiƙaƙƙen yashi har baki, ya ce in taka. Na taka, na ma hau da ƙafa ɗaya, bai lotse ba. Ya yi bayani, Mati yana fassarawa.

“Ya ce ƙarfe ke riƙe kankare kada ya fashe ya watse, kankare kuma ke tokare ƙarfe daga ciki kada ya lotse. Ya ce in ƙasa ta motsa, gini ba ƙasa kawai yake dannawa ba, hagu da dama yake zuwa. Ginshiƙin da ya cika zai ɗan lanƙwasa ya dawo, ya lanƙwasa ya dawo. Wanda ke da rami a ciki, daidai wurin ramin zai naɗe kamar gwangwanin farko.”

Ya nuna mini a wayarsa yadda wani inji ke tura irin ginshiƙin gaba da baya a wurin gwaji. Na kalla, na gyaɗa kai don a zauna lafiya. Da ya tafi na ce, “Shekara arba'in da takwas ina taka ƙasa ban ga ta motsa ba. Mu abin da ke ka da gini ruwa ne da gara. Wannan labarin da suke ba baƙi ne don a yi musu aiki biyu.”

Baba Sale yana kusa, ya ji. Ya ja hannuna zuwa 'yar rumfarsa ta kwano, don shi ba ya kwana ƙarƙashin rufin kankare, ya nuna mini wani cokali da ya rataye da zare a tsakiyar rumfar. Ya ce, “Cokali rawa, kai gudu waje. Ni yaro, gida faɗi. Ƙanwa biyu ciki.” Ya ɗaga yatsu biyu.

Na yi masa ta'aziyya da baki. A raina na ce tsohon nan ya iya wasan, har da hawaye.

Azumi ya kama mu a tsakiyar aiki. Kafin nan na ga yadda aka sallami wani ɗan Mali, shugaban wani rukuni, a rana ɗaya, don an sami rami a ginshiƙinsa. Abin ya tsaya mini a rai.

Ranar wata Alhamis bayan la'asar muna cika ginshiƙin da ke kusurwar matakala, injin karkaɗawa ya mutu. Baki ya bushe, kankare ya fara ƙarfi a kwano. A cikin bututun, daidai inda ƙarafan bene ke haɗuwa da shi, akwai wani faranti mai huda a tsakiya, ta nan kankare ke wucewa ƙasa. In ya yi tauri, a nan yake toshewa. Abin da ya kamata in yi shi ne in tsayar da aiki in kira injiniya. Sai na ce a ci gaba, na ɗauki rodi ina zungura. Bututun ya cika har baki, amma kwano uku na kankare suka yi saura. Ba su taɓa yin saura ba. Na ce a zubar bayan katanga, mu je shan ruwa.

Washegari Juma'a, babu aiki. Da hantsi na dawo ni kaɗai da guntun rodi. Daga ƙasa amon ya fito a cike, tim, tim. Da na hau tsani na kai ƙarƙashin farantin, sai na ji ƙwal, ƙwal, irin amon tukunyar da mahaifiyata ke warewa gefe. Tsawon hannu guda babu komai a ciki.

Gwangwanin fentin yana bayan ofis. Ginshiƙan sun fi sittin, wani lokaci mataimakin injiniya ke dubawa, kowannensu zai ɗauka ɗayan ne ya duba. Na zagaya masa shuɗi da hannuna. Ina saukowa na ga Mati tsaye, da butar alwala.

“Yaya Haladu, yaushe ka zama injiniya?”

“Ya cika. Na taimaka musu ne.”

Ya karɓi rodin daga hannuna, ya hau tsani, ya buga. Ko shi da ba ɗan mai tukwane ba ne, ya ji amon ramin. Ya sauko a hankali.

“Gobe ka gaya wa Kamal. Inji ne ya mutu, zan yi maka bayani da kyau.”

“Ɗan Mali ma inji ne ya mutu.”

“To, in ma an sallame ka, sai mu nemi wani wurin. Nan fa matakala ce. In abu ya faru, ta nan yara za su sauko.”

“Wane abu? Kai ma ka sha ruwansu har ka yarda ƙasa na tafiya?”

“Ni na ji ta sau biyu, ƙanana. Ba na son in ji babba.”

Na dube shi, sai na ga mai farar shadda. Na ce, “Na gane. Tun Tamanrasat nake jiran ranar da za ka faɗi abin da kake nema. Shugabancin ne ya tsone maka ido? Ko akwai wani ɗan Baure da kake son a sa a wurina?”

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, “Ranar Juma'a, da azumi a bakinka.” Ya ɗauki butarsa ya tafi.

Mako guda muka yi muna shan ruwa a faranti ɗaya ba mai ce wa wani komai. Kullum da safe in mun wuce ginshiƙin sai ya kalle ni, ni kuma in kalli wani wuri. Ranar Asabar ta gaba aka sanar cewa washegari za a fara ginin bangon matakala, wanda zai rufe ginshiƙin gaba ɗaya. Na ji daɗi, na ce saura kwana ɗaya.

Da hantsi na ga Mati ya ajiye abin walda, ya kalli inda nake, ya nufi kwantenar ofis. Ya shiga ya rufe ƙofa.

Na ce ya tafi ya sayar da ni. Na ga kaina a motar kame, na ga kaina na koma Dutsi ba fasfo, ba cokalin mahaifina, ba komai, shi kuma yana nan yana shan shayi da Larabawa. Jaket ɗinsa tana rataye a ƙusa. Injin kwaɓa kankare yana juyawa, ana shirin zuba dandamalin matakala. Na ce in zan tafi, ba ni kaɗai zan tafi ba. Na zaro katinsa, na wuce ta gefen injin kamar mai duba ruwa, na sake shi a ciki. Na ga hotonsa sau ɗaya ya juyo, sannan tsakuwa ta rufe shi.

Suka fito su biyu. Kamal ya wuce ta gabana bai ko kalle ni ba, ya hau tsani ya buga ginshiƙin, ya sauko fuskarsa ta yi ja. Na tsaya ina jiran a kira sunana. Ba a kira ba. Mati ne ya je ya fara tattara kayansa.

Na ce, “Me ya faru?”

“An sallame ni. Amma Kamal ya yi mini kirki, ya bar mini katina har ƙarshen shekara, ya kuma ba ni sunan wani abokinsa mai garejin walda a wani gari. Tafiyar yini ɗaya ce.” Ya sa hannu a aljihun jaket. Ya sake sawa. Ya zazzage ta.

Mai karatu, ni na taya shi nema. Na ɗaga buhunan siminti, na duba ƙarƙashin katifa, har na ce ko tsohon nan ne ya ɗauka, na ce ai na sha gaya maka. Mai kamfani ya ce wanda aka sallama ba ya kwana a wurin. Mati ya ce ba komai, yini ɗaya ne, Allah zai tsare. Ya bar mini bargon.

Har lokacin ban gane ba. Na ɗauka ya kai ƙarata ne abin ya juye a kansa. Sai da yamma, da Baba Sale ya kawo dabinon shan ruwa, ya ajiye bai miƙo mini ba kamar yadda ya saba. Ashe yana cikin ofis yana zuba shayin mai kamfani da ba ya azumi saboda ciwo, ya ji komai.

Ya ce, “Mati faɗi: ni zuba, ni fenti. Ya faɗi: Haladu tafi salla, bai sani ba. Ya faɗi: kore ni, amma gyara.” Ya dube ni da idonsa na tsofaffi. “Ni gani Juma'a. Hannu shuɗi, ba hannu Mati ba.”

Tsohon da nake kira kunnen ofis ke nan. Mako guda ya san abin da na yi, bai kai ni ba.

Na bar dabinon inda ya ajiye shi. Na kira wayar Mati, a kashe. Bayan kwana biyu wani ɗan Nijar ya kawo labarin an yi kame a tashar mota, an tafi da duk wanda ba shi da takarda.

Ko a nan, da na je na faɗi gaskiya, wataƙila da Kamal ya bi sawu ya fito da shi. Ban je ba. Na ce in na faɗa, mu biyu za mu rasa. Wannan ita ce ƙaryar da na fi daɗewa ina yi wa kaina.

Aka huda ginshiƙin ƙasa da sama, aka ɗura masa ruwan siminti da famfo har ya fito ta hudar sama, aka toshe. Ni aka sa na riƙe tiyo. Kamal ya buga, ya miƙo mini gudumar don ya ji labarin kunnena. Tim, tim, har sama. Ya kankare shuɗin da na shafa, ya shafa nasa.

Na yi shekara biyu da rabi a wurin bayan haka. Aka gama makaranta, yara suka shiga, mu muka koma ginin katanga da ɗakunan malamai a gefe. Wata rana da hantsi ina kan gini, sai na ji karnukan unguwa sun ɗauka gaba ɗaya. Na ga Baba Sale ya fito daga rumfarsa da gudu yana ihu. Sannan na ji wani ruri daga ƙarƙashin ƙafata, kamar manyan motoci na wucewa a cikin ƙasa. Na faɗi. Na yi ƙoƙarin tashi na sake faɗuwa. Ba abin da ke bakina sai salati. Katangar bulo da nake ginawa ta kwanta gaba ɗaya kamar an ture tabarma.

Daga inda nake kwance ina ganin makarantar. Wallahi na ga bene hawa uku ya tafi hagu, ya dawo, ya tafi dama, ya dawo. Gilasai suna zubowa. Yara suna kwararowa ta matakala, malamai suna tura su, hannuwansu suna dafa bangon da ginshiƙin nan ke ciki. Ban iya ƙirga su ba. Suka taru a fili suna kuka, aka kira suna, kowa ya amsa.

Mu garinmu abin ya zo da sauƙi, an ce ba mu ne tsakiyarta ba. Bangon matakala ya tsage, aka ɓare shi don a duba. Ginshiƙin yana tsaye sambal, fentin ne kawai ya ɗan ɓanɓare daidai ƙarƙashin farantin, wurin da ya sha wahala. Kamal ya shafa wurin da tafin hannu, ya ce wani abu. Lokacin na fara jin Larabci. Cewa ya yi, “Allah Ya yi wa mai waldan nan albarka, ya yi laifi amma ya faɗa.”

A wannan watan na ajiye aiki.

Na dawo Dutsi, na yi wata bakwai ban iya zuwa Baure ba, alhali ba wata tafiya ba ce. Ranar da na je, na tambayi Mati mai walda, aka nuna mini wata rumfa a bakin hanya. Yana zaune a kan benci yana haɗa ƙofa, ga sanda a gefensa. An sauke su a bakin iyaka cikin rairayi, sun yi tafiyar ƙafa da takalmin da ya yage, ƙafarsa ta hagu ta rube, sai da aka yanke rabinta. Mai walda da ke hawa bene uku kamar biri, yanzu a zaune yake aiki.

Ya ɗaga gilashin fuska ya gan ni. “A'a, Sarkin Kunne! An dawo?”

Na gaishe shi, na zauna a ƙasa. Ya ce in hau benci, na ƙi. Bai tambayi hanya ba, bai tambayi iyali ba. Ya ce, “Na ji an yi girgiza a wajen. Ya tsaya?”

“Ya tsaya. Ta nan suka sauko, ba wanda ya yi ko ƙwarzane.”

Ya rufe ido ya ce alhamdu lillahi sau uku.

Na ce, “Mati, katinka ba ɓata ya yi ba. Ni na jefa shi a injin kankare, lokacin da kake cikin ofis. Yana cikin dandamalin matakala.”

Na yi zaton zai ce ya sani. Na ma so ya ce ya sani, don da abin ya fi mini sauƙi. Bai sani ba. Shekara uku yana zargin kansa da sakaci. Na ga fuskarsa ta canza a hankali, ya kalli ƙafarsa, ya kalle ni.

“Kai ka ɗaga buhunan siminti,” ya ce. “Kai ka ce tsohon nan ne.”

“Ni ne.”

Ya ajiye abin walda. Wani ya zo karɓar taga, ya sallame shi, ya dawo ya zauna. Sannan ya ce, “Yaya Haladu, in na ce maka na yafe yanzu, fenti na shafa. Ciki bai cika ba. Je ka gida.”

Na tafi. Na dawo bayan mako biyu, ya amsa gaisuwa kawai. Na sake dawowa. Shekara ta zagayo ina zuwa, in zauna in riƙe masa ƙarfe in yana walda, in ɗauko masa abin da ke nesa, la'asar ta yi in hau mota. Maganar ba ta sake tashi ba, ni kuma ba ni da bakin tayar da ita. Yau shekaru ke nan.

Bara aka ba shi aikin rumfar makarantar Islamiyya ta unguwarsu. Mu ƙasarmu ba ta motsi, amma ya ce bututun ƙarfe zai sa, kuma sai an cika kowanne da kankare, ko masu aikin sun ce ɓarnar siminti ce. Ya aiko aka kira ni na zuba. Washegari muka je dubawa, yana dogara sanda. Ginshiƙai takwas ne. Ya zaro 'yar guduma daga aljihu, ya juya ta a hannunsa, sannan ya miƙo mini.

“Ni ba zan iya hawa tsani ba. Abin da ka ce ka ji, shi zan yarda da shi.”

Na hau na bi su ɗaya bayan ɗaya. Bakwai suka amsa a cike. Na takwas, can sama kusa da baki, ya ce ƙwal. Ɗan wuri ne, bai kai tafin hannu ba, kuma daga ƙasa babu mai iya ji. Na sauko.

“Na takwas akwai rami,” na ce. “Ni na zuba shi.”

Mati ya kalle ni, ya gyara tsayuwarsa a kan sanda. “To, ɗauko abin huda,” ya ce. “Sannan in mun gama ka biyo ni gida, an dama fura.”